Wasiƙa Daga Fordham Road: Mai Riƙe Da Jadawali Shi Ke Riƙe Da Majalisa

Ina neman afuwarku saboda jinkirin wannan wasiƙa, aikin makaranta ne ya sha mini kai. A gaida Inna da Baba da sauran mutanen gida baki ɗaya.

Ranar Lahadin da ta wuce muna waya da Kawu sai ya jefo mini wata tambaya. Ya ce ya ga majalisar Amurka a talabijin, mutum ɗaya a tsaye yana ta zuba jawabi har da ɗaga hannu, amma kujerun da ke bayansa duk babu kowa. Ya ce, "Ashe dai su ma irin namu ne, Talata zuwa Alhamis sai kowa ya kama gabansa?" Na yi dariya na ce masa amsar ta fi ƙarfin kuɗin waya, ya bari zan rubuto. To Kawu, ga alkawari na cika, sauran jama'a kuma sai ku saurara tare da shi.

Kafin in shiga tarihi bari in faɗi abin da ya sa maganar ta dame ni. A wani gidan abinci da ke kusa da Fordham Road, inda mukan haɗu da Hausawan zangon Kumasi da na Nijar, akwai wani dattijo da ya haura shekara ashirin a garin nan ba shi da takardar zama. Ya taɓa ba ni labari cewa a 2013 har akwati ya saya, saboda an ce masa doka ta wuce a majalisa, za a ba irinsu takarda, ya samu ya je ganin gida ya dawo. Har yau akwatin na nan. Ya tambaye ni, a matsayina na ɗan boko, wai ƙuri'a nawa ce ta kayar da dokar? Na ce masa Baba, ai ba a kayar da ita ba, ba a ma sa ta a jadawali ba ne. Ya yi shiru yana kallona. Wannan kalma ta jadawali ita ce zancenmu na yau.

Da yawanmu ba mu san cewa a nan New York majalisar tarayyar Amurka ta fara zama ba, domin a lokacin ko tubalin birnin Washington ba a aza ba. Kwanaki na hau jirgin ƙasa mai lamba 4 daga tashar Fordham Road da ke kan Jerome Avenue, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, na sauka a Wall Street don in ga wurin da idona. Sunansa Federal Hall. Ginin farko an rushe shi a 1812, wanda ke tsaye yanzu an kammala shi ne a 1842 a matsayin ofishin kwastan, ga gunkin George Washington a ƙofarsa, a wurin da aka rantsar da shi ranar 30 ga Afrilu 1789. A wancan zamani unguwarmu ta Fordham gonaki ce, ba ta ma cikin birnin, sai a 1874 aka haɗe ta.

An sa ranar 4 ga Maris 1789 don fara zama. Da ranar ta zo, mutum 13 ne kawai suka bayyana a Majalisar Wakilai, a ta Dattawa kuma mutum 8. Hanyoyi ba kyau, tafiya kuma a kan doki ce ko jirgin ruwa. Haka suka riƙa zuwa kullum suna ƙirga kansu suna watsewa, har sai ranar 1 ga Afrilu wakilai suka cika adadin da doka ta ce sai da shi za a yi aiki, dattawa kuma ranar 6 ga wata. Kun ga ke nan matsalar kujeru babu kowa tare da majalisar aka haife ta. Da suka cika, suka zaɓi Frederick Muhlenberg ya zama kakaki, ranar 7 ga Afrilu kuma suka amince da ƙa'idojin zama na farko. A cikinsu akwai cewa ba wanda zai yi magana fiye da sau biyu a kan batu ɗaya sai da izinin majalisa. Wakilai sun buɗe ƙofarsu jama'a su shigo su saurara, dattawa kuwa a asirce suka riƙa zamansu har zuwa 1795.

Tun a wannan shekara ta farko aka ga yadda lokaci ke zama makami. James Madison ya so a yi wa tsarin mulki gyara don a kare 'yancin magana da na addini da na shari'ar adalci. Ranar 8 ga Yuni ya gabatar da buƙatarsa, sai abokan aikinsa da yawa suka ce akwai abin da ya fi gaggawa, wato haraji da kuɗin shigar gwamnati, maganar gyara ta jira. Ba su ce ba sa so ba, cewa suka yi ba yanzu ba. Madison ya yi ta naci, sai a watan Agusta aka ba shi fili. Ranar 25 ga Satumba majalisa ta aika wa jihohi gyare-gyare 12, a 1791 guda 10 suka zama doka, su ne Amurkawa ke taƙama da su har gobe. Da ya gaji ya haƙura da "ba yanzu ba", Allah kaɗai ya san yaushe za a waiwayi maganar.

A 1790 majalisa ta tashi daga New York zuwa Philadelphia, a 1800 ta koma Washington. Ƙasa na faɗaɗa, wakilai na ƙaruwa, amma awannin yini ba su ƙaru ba. Daga nan rigimar wa zai yi magana, kuma a kan me, ta zama babbar rigima. A 1836 wakilan jihohin kudu masu bayi suka sa aka kafa ƙa'ida cewa duk takardar koke da jama'a suka aiko a kan bauta, a ajiye ta kawai, ba karantawa ba muhawara. Tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, wanda ya dawo majalisa a matsayin wakili, ya shafe shekara takwas yana yaƙar wannan ƙa'ida kafin a soke ta a Disamba 1844. A 1841 kuma aka taƙaita jawabin kowane wakili zuwa awa ɗaya, saboda masu dogon surutu da gangan don su cinye lokaci.

Marasa rinjaye ma suna da tasu dabarar. Sai su zauna a kujerunsu, idan aka kira sunayensu su yi gum, sai a ce adadi bai cika ba, aiki ya tsaya cak. Ranar 29 ga Janairu 1890 kakaki Thomas Reed ya ce ya gaji. Ya umarci akawu ya rubuta sunan duk wanda ido ya gani a zaure, ya amsa ko bai amsa ba. Majalisa ta kaure da hayaniya kwana da kwanaki, amma ƙa'idar ta zauna, a 1892 kuma Kotun Ƙoli ta ce daidai ne. Daga lokacin masu rinjaye suka samu ikon tafiyar da aiki. Sai dai kun san halin ɗan Adam da iko. Wanda ya zo daga baya, Joseph Cannon, ya haɗa kujerar kakaki da shugabancin Kwamitin Ƙa'idoji, shi ke raba kwamitoci, shi ke cewa wannan ƙuduri ya shigo wancan ya tsaya. A Maris 1910 wasu 'yan jam'iyyarsa ta Republican, George Norris na gaba, suka haɗa kai da 'yan Democrat suka fitar da kakaki daga wannan kwamiti.

Ku riƙe sunan Kwamitin Ƙa'idoji, don shi ne mai gadin ƙofa. Kusan duk wani babban ƙuduri, ko da kwamitin da ya nazarce shi ya gama aikinsa, ba zai shiga zaure ba sai wannan kwamiti ya yanka masa tikiti: ranar da za a saurare shi, awa nawa za a yi ana muhawara, da gyaran da aka yarda a kawo. Raba shi da kakaki da aka yi a 1910 bai kashe ikonsa ba, hannu kawai ikon ya sauya. Daga 1955 shugabansa shi ne Howard Smith na jihar Virginia, mutumin da ba ya ƙaunar dokokin ba baƙar fata 'yanci. Idan irin wannan ƙuduri ya zo gabansa, sai ya ƙi kiran taron kwamiti, wani lokaci ma ya tafi gonarsa. A Janairu 1961 kakaki Sam Rayburn ya nemi a ƙara yawan 'yan kwamitin daga 12 zuwa 15 don a rage masa ƙarfi, da ƙyar ya sha, ƙuri'a 217 da 212.

Duk da haka da babban ƙudurin 'yancin jama'a ya iso a ƙarshen 1963, Smith ya sake zama a kansa. A nan wani ɗan New York ya shigo labarin, Emanuel Celler, wakilin Brooklyn kuma shugaban kwamitin shari'a. Akwai wata ƙa'ida da ta ce idan wakilai 218 cikin 435 suka sa hannu a takarda, za a ƙwace ƙuduri daga hannun kwamiti a kai shi zaure kai tsaye. A Disamba 1963 Celler ya buɗe wannan takarda. Da Smith ya ga alamar za a kunyata shi, sai ya sassauto ya kira zama a Janairu. Ranar 10 ga Fabrairu 1964 wakilai suka amince da ƙuri'a 290 da 130. A Majalisar Dattawa, inda sanata ke iya riƙe magana ba iyaka, 'yan kudu suka cinye kwana 60 na zama suna jawabi, sai ranar 10 ga Yuni aka samu ƙuri'a 71 da 29 aka rufe muhawara. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu ranar 2 ga Yuli. Celler ɗin nan kuma sunansa ke kan dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke tsarin fifita Turawan arewacin Turai wajen ba da izinin shigowa. Ba don ita ba, da wuya a ji Hausa a Fordham Road kamar yadda ake ji yanzu.

To yanzu bari in zo kan makon majalisa kamar yadda wannan dogon tarihi ya gina shi. Shugaban masu rinjaye shi ke fitar da kalandar shekara, wadda ke nuna makonnin zama a Washington da makonnin da wakilai za su koma mazaɓunsu, har da dogon hutun watan Agusta. Shi ne kuma ke sanar da abin da za a yi a mako mai zuwa. A ranar farko ta mako, wadda galibi Litinin ce ko Talata, ba a kaɗa ƙuri'a sai wajen ƙarfe shida da rabi na yamma, don a ba na nesa damar isowa. Wakilan Bronx nasu da sauƙi, tafiyar awa uku da 'yan mintuna ce a jirgin ƙasa, amma ku tuna da na California da Hawaii. A wannan rana ake kawo ƙananan ƙudurorin da ba gardama a kansu, kamar raɗa wa gidan waya suna. Muhawararsu minti 40 ce, ba a kawo gyara daga zaure, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda.

A wannan tsakanin Kwamitin Ƙa'idoji ke zama a wani ƙaramin ɗaki a benen majalisa. Mutum 13 ne, 9 na masu rinjaye, 4 na marasa rinjaye, kuma tun shekarun 1970 ya koma hannun kakaki, don shi ke zaɓen mutanen jam'iyyarsa da ke ciki. Ke nan an zagayo an dawo kusa da inda aka baro a zamanin Cannon. Su za su ce ƙuduri kaza awa ɗaya za a ba shi, a raba rabi da rabi tsakanin jam'iyyu biyu, gyara kaza aka yarda da shi ko kuma ba a yarda da ko ɗaya ba. Sai a kai wannan tsari zaure a fara amincewa da shi, sannan a shiga ainihin ƙudurin. Tsakiyar mako ita ce ta manyan ƙudurori da zaman kwamitoci. Ranar Alhamis, wani lokaci Juma'a, da an kaɗa ƙuri'ar ƙarshe sai ka ga kowa ya nufi filin jirgi.

Kujerun da Kawu ya gani babu kowa kuwa, ga asalinsu. Kafin a fara aikin yini akan ba wakilai damar jawabin minti ɗaya ɗaya, bayan an gama kuma akwai lokacin da mutum zai iya karɓar fili har na awa guda ya yi magana a kan abin da ya ga dama. Ba ƙuri'a a wannan lokaci, don haka ba wanda ke zama. Tun daga Maris 1979 tashar C-SPAN ke nuna zaman majalisa kai tsaye, mai jawabin da mutanen mazaɓarsa yake magana ta cikin kyamara. A 1984 Newt Gingrich da abokansa sun mayar da wannan lokaci dandalin caccakar 'yan Democrat, har kakaki Tip O'Neill ya fusata ya sa a juya kyamara a nuna wa duniya cewa da kujeru suke magana. Ko a lokacin muhawara ta gaske ma yawancin wakilai suna ɗakunan kwamiti ko ofisoshinsu, sai ƙararrawa ta kaɗa su taho su kaɗa ƙuri'a cikin minti 15 da katinsu na na'ura.

Mu koma kan dattijon nan da akwatinsa. Ranar 27 ga Yuni 2013 Majalisar Dattawa ta amince da babban ƙudurin gyaran dokar shige da fice da ƙuri'a 68 da 32, a cikinsa akwai hanyar da miliyoyin marasa takarda za su bi su samu izinin zama. Wannan shi ne labarin da ya ji. Amma ƙuduri ba ya zama doka sai majalisu biyu sun amince da shi. Shugabannin Majalisar Wakilai na lokacin suka tsaya a kan cewa ba za su kawo abin da yawancin 'yan jam'iyyarsu ba su goyi baya ba. Mako ya bi mako ba a sa shi a jadawali ba. A nan kuma rayuwar kowace majalisa shekara biyu ce, duk abin da bai wuce ba kafin ta ƙare ya mutu, sai a faro daga farko. A Janairu 2015 wa'adin ya cika, ƙudurin ya bi ruwa, ba tare da an nemi wakili ko ɗaya ya fito fili ya ce e ko a'a a kansa ba.

Kada ku ce wannan labarin Amurka ne kawai, don mu ma a 1979 tsarinsu muka ɗauko, muka bar na Ingila. Tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 63, ya ce kowace majalisa a Abuja ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 54 kuma ya ce kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun isa a yi zama. Sanatoci 109 da wakilai 360 sun saba zaman zaure Talata da Laraba da Alhamis, kowace majalisa kuma tana da kwamitin ƙa'idoji da tsara ayyuka, wanda tare da shugabanni yake fitar da takardar abin da za a tattauna a kowace rana. Ku dubi dokar 'yancin samun bayanan gwamnati: tun 1999 aka shigar da ita, ta wuce a 2007 amma Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, aka koma farko, sai ranar 28 ga Mayu 2011 Jonathan ya sa mata hannu. Dokar man fetur kuwa 'Yar'aduwa ya aika da ita a 2008, ba ta zama doka ba sai a Agusta 2021 a hannun Buhari. Yawancin waɗannan shekaru a layin jira aka cinye su.

Akwai kuma ranar da tsarin muhawara ya yi mana rana. Manya a cikinku za su tuna da maganar tazarce a 2006. Shugaban Majalisar Dattawa Ken Nnamani ya bari aka nuna zaman a talabijin kai tsaye, sanatoci suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗin matsayinsu mutanen mazaɓarsu na kallo. Ranar 16 ga Mayu aka kashe ƙudurin gyaran tsarin mulkin gaba ɗayansa. An sa batu a jadawali, an ba shi lokaci, an buɗe ƙofa, sai kowa ya ji kunyar idon jama'a.

Don haka Kawu, amsar tambayarka ita ce e, su ma kwana uku ko huɗu suke yi a zaure, kuma kujerun da ka gani ba su ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne takardar da ke cewa me za a tattauna gobe, da mutanen da ke rubuta ta. Shawarata gare ku ita ce, idan ɗan majalisarmu ya zo gida da salla ko wani biki, bayan an gaisa an ci an sha, wani ya daure ya tambaye shi: ƙudurin da ka ce ka kai, an yi masa karatu na biyu? A wace rana? Yana hannun wane kwamiti, kuma wa ke shugabantar kwamitin? Saura wata nawa wa'adinku ya ƙare? Wanda yake aiki zai ba ku amsa da kwanan wata. Ƙannena masu waya a hannu kuma, takardar jadawalin zaman majalisa ana samunta a intanet, ku riƙa dubawa kuna karanta wa Kawu.

Shi kuwa dattijon namu, da na gama yi masa wannan bayani sai ya ce to yanzu ya gane, ashe ba faɗuwa aka yi a kokawa ba, hana shiga fili aka yi. Ya ce akwatin dai ba zai sayar ba.

Nan zan dakata, sai wasiƙa ta gaba. Yaya, saƙon yaji da kuka ya iso lafiya, na gode ƙwarai. A shafa mini kan yara.

Naku,
ɗan'uwanku na Fordham Road, Bronx.